Mai Agogo da Gilashi Mai Hazo

Har yau Mai Agogo ake ce masa, alhali rabonsa da buɗe bayan agogo tun gashin kansa bai fara fari ba. Waya ce ta kashe masa kasuwa. Da kowa ya koma zaro lokaci daga aljihu, sai ya wayi gari a ɗan shagonsa na ƙarƙashin matattakalar bene, ga fitilar tebur, ga hantsaki, ga ƙananan sukudireba a jere, ga hannaye biyu da ba su san rawa ba, amma babu abin gyarawa. Ba mutum ba ne mai yawan ƙorafi, don haka sai ya koma gyangyaɗi.

Wani mai ɗaukar hoton biki ne ya tashe shi. Ya kawo masa idon kyamara, wato gwangwanin nan mai gilasai da ake murɗawa a gaban kyamara, ya ce ya cije ya ƙi juyawa, ko zai duba tunda hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa. Mai Agogo ya kwance shi don kada a ce ya ƙi. Abin da ya tarar a ciki ya sa abincinsa na rana ya huce a kwano. Gilashi bayan gilashi, wannan ya lotsa, wancan ya yi doro, kowanne zaune a zobensa ba ya taɓa ɗan'uwansa. A tsakiya kuma ga wasu ganyayen ƙarfe da ba su kai kaurin farcen jariri ba. Ya taɓa wani ɗan maɓalli, suka haɗu suka tsuke. Ya saki, suka buɗe, ko motsinsu ba a ji. Ya yi ta taɓawa yana saki har mai kayan ya fara gyaran murya.

"Ikon Allah," in ji Mai Agogo. "Ashe akwai masu haƙurin da ya fi namu."

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ita ta nuna masa shafukan gwanjo na intanet, kafin aiki ya kwashe ta ita da mijinta zuwa wata ƙasa mai nisa. A shafukan nan mutanen ƙetare ke baje tsofaffin idanun kyamara, kowa ya taya, wanda tayinsa ya fi a lokacin da aka rufe shi ke ɗauka. Masu hali suna kokawa a kan masu ƙyalli. Shi kuwa marasa lafiya yake bi: wanda funfuna ta yi wa saƙa a ciki, wanda hazo ya lulluɓe, wanda mansa ya daskare. Ya sayo, ya wanke, ya sayar wa masu hoton gari waɗanda sabo ya fi ƙarfinsu. Da wannan ya ci gaba da riƙe gidansa, kuma ya daina gyangyaɗi.

Maƙwabcinsa Tela, wanda shagonsa ke kallon nasa, tsakaninsu ɗan lungun da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, bai taɓa yarda cewa wannan sana'a ce ta mai hankali ba.

"Kai kaɗai na sani," yakan ce, "da ke roƙon mutanen bayan teku su aiko masa da ruɓaɓɓen gilashi. Da ka faɗa mini, ai akwai fasasshiyar taga a gidana."

Amma duk bakin Tela, idan lokacin rufe gwanjo ya matso ya ga Mai Agogo ya ƙura wa waya ido, yatsa a sama, sai ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sauraron daƙiƙa ba ya taya kaya da wuri. Yana laɓewa ne har lokaci ya zo gargara, sannan ya danna. A wannan ɗan tsakanin ko sallama ka yi masa ba zai amsa ba. In ya samu, ya ce alhamdu lillahi. In wani ya riga shi, sai ya jinjina kai ya ce, "Wannan ma tsohon mai agogo ne, ko a ina yake."

Abu biyu ne ke ba shi mamaki a harkar nan, kuma bai taɓa sabawa da su ba. Na farko, mutumin da bai taɓa ganinka ba, ba kuma zai taɓa ganinka ba, ya zauna ya rubuta maka aibin kayansa, har ya haska fitila ta bayan gilashin don ka ga dattin da kyau. Na biyu kuwa shi ya gano shi da kansa. Duk mai sayarwa sai ya ɗauki hoton idon daga gaba, gilashin gaban kuma yana da doro, saboda haka yana kwaso ɗakin gaba ɗaya ya naɗe shi ya zama ɗan mitsitsi. Mai Agogo yakan buɗa hoton da yatsu biyu har iyakarsa, ya manna madubin nan na masu agogo a idonsa, ya leƙa. Ga taga, ga wata bishiyar da bai san sunanta ba. Ga kyanwa a kan kujera. Ga wani mai sanƙo ya sunkuyo da waya a hannu, bai san ana kallonsa daga wata duniya ba. Sai tsigar jikinsa ta tashi. Sau da yawa ɗakin ne ke sa shi taya kaya, ba gilashin ba, ko da yake bai taɓa faɗa wa Tela haka ba don ya san abin da zai biyo baya.

Yana da wata ƙa'ida kuma. Duk idon da ya iso, kafin sukudireba ta taɓa shi, sai ya ɗaura shi a tsohuwar kyamararsa ya ɗauki hoto ɗaya da dattinsa da komai. Ya ce ba ya yi wa ido aiki sai ya ga yadda yake gani. Da yake ƙofar shagon Tela kawai take kallo, Tela ne ke shan wannan hoto kullum: Tela a dushe, Tela da tabo a goshi, Tela kamar ana hango shi ta cikin ruwan wanki. Tela ya ce in ya mutu kada a kuskura a nuna wa 'ya'yansa ko ɗaya.

Mutum ɗaya ce kyamarar nan ba ta isa ta kalla ba, ita ce matarsa, Maman Auta. Shekarun baya, bayan tafiyar Auta, mai ya kama da wuta a kicin, ta kai hannu za ta sauke kaskon, ya fallatso mata. Allah ya tsare idon, amma daga kumatun hagu zuwa wuya fatar ta warke a tattare, wani wuri ya yi duhu, wani ya yi fari. Tun daga nan ta koyi wani ɗaurin mayafi da ke saukowa ta gefe ɗaya, ta koyi zama a inda hagunta zai kalli bango. Ba ta daina dariya ba, ba ta daina yi wa Mai Agogo tsiya a kan gilasansa ba, amma madubin ɗakinta ya koma bayan kabad. Shi kuma, don kada ta ji nauyi, ya koyi yi mata magana yana kallon kafaɗarta ta dama. A ganinsa kara ce yake yi mata.

Sai Auta ta haihu a can, mace. Ana kiran bidiyo duk ƙarshen mako. Da waya ta yi ƙara, Maman Auta za ta karɓa ta kwantar da ita a kan tebur, fuskar wayar na kallon sama, ta zauna a gefe ta yi ta hira, ta yi wa jaririya wasa da waƙa. Abin da ake gani daga can shi ne silin ɗin falo da farar fanka tana juyawa. Auta ta yi roƙo, ta yi fushi, ta gaji ta bari. Yarinya ta yi wayo, ta fara tafiya, ta fara haɗa kalmomi.

Wata rana Auta ta kira mahaifinta a shago, tana dariya, amma dariyar ba ta yi masa daɗin ji ba.

"Baba, ka san abin da jikarka ta yi? Mun shiga wani kanti, ta ɗaga kai ta ga fanka, ta fara tsalle tana cewa Kaka, Kaka. Har gaishe ta ta yi. Baba, yarinyar nan fa ta ɗauka fanka ce kakarta."

Shi ma ya yi dariya, don abin dariya ne. Da ya ajiye wayar ya daɗe bai ɗauki hantsaki ba. Bai kai labarin gida ba, amma Auta ta kai da kanta, kuma ranar Maman Auta ba ta yi wa kowa tsiya ba.

A kwanakin nan ne ya ci karo da wani tsohon ido, irin wanda ake ɗaukar hoton fuska da shi, ƙarfe zalla, an yi shi tun kafin a haifi Mai Agogo. Mai sayarwa ta rubuta gaskiyarta: hazo ya rufe shi ciki, ba ta san komai a kansa ba, na mijinta ne. Ya buɗa hoton ya leƙa cikin doron gilashin. Wata tsohuwa ce da farin gashi, ta riƙe waya da hannu biyu kamar mai tsoron ta faɗi, bayanta kantoci duk an kwashe, ga kwalaye a ƙasa. Bai san ta ba, amma sai da ya yi wa mijin addu'a a zuciyarsa. Ya taya, babu ma wanda ya ja da shi. Wani mai sutudiyo da ya ji labari ya ce in an wanke nasa ne.

Kwalin ya iso da rana tsaka, ya sha salatif kamar an naɗe ƙafar da ta karye. A ciki tsohuwar ta nannaɗe idon da wata rigar sanyi ta maza. Mai Agogo ya ɗaga shi ga fitila, ya ga hazon ya yi fari fat kamar yanar idon tsoho. Ya ɗaura shi a kyamara yadda ya saba, ya juya ƙofa. Tela ba ya nan, ya tafi sayen zare. Yana cikin murɗa zoben yana neman abin ɗauka, sai mutum ya shigo lungun, rana na bayansa. Yatsansa ya riga tunaninsa, ya danna maɓallin ɗauka. Maman Auta ce, ta biyo shi da maganin hawan jininsa da ya manta a gida, iskar lungun kuma ta ɗage mata mayafi. Ba ta ma lura ba. Ta dangwara masa maganin, ta ce wata rana kansa zai manta a kan matashi, ta juya.

Da ta tafi ya duba bayan kyamarar, sai ya nemi kujera. Hazon ya kama hasken rana ya baza shi a fuskarta, ya zagaye ta da wani farin annuri. Idanunta na nan, hancinta na nan, har ɗan murmushin tsiyar da ta taho da shi. Tabon ne kawai babu. Ya narke cikin hasken, kumatun hagu ya koma daidai da na dama. Matar da ya aura ce, wadda ya ɗauka ba zai sake gani ba sai a mafarki, ga ta a tafin hannunsa, kuma wani gilashi ne da ya tsufa a kabad ɗin wani mamaci a bayan teku ya dawo masa da ita. Ya ce subhanallahi ya fi a ƙirga. Da Tela ya dawo ya tambaye shi ko an yi rasuwa ne, sai ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Hazo irin wannan shekaru ne ke yin sa, man cikin ido ne ke tashi a hankali ya kwanta a gilashi. In ka goge shi, ya tafi ke nan, babu mai iya mayar da shi. Don haka Mai Agogo, wanda bai taɓa barin aiki ya kwana biyu a teburinsa ba, ya tura idon can ƙarshen aljihun tebur. Mai sutudiyo ya zo, ya ce masa ana kan aiki. Ya sake zuwa, ya ce masa aikin na son natsuwa. Tela ya leƙo ya ce, "Mutumina, ko dai wannan ya gagare ka ne mu kai wa mai faci?"

Ya wanko hoton a takarda, ya kai gida wata la'asar. Ya same ta a falo tana tsintar shinkafa a faranti, fankar nan na juyawa a sama.

"Maman Auta, zan nuna miki wani abu, amma kada ki yi faɗa."

"In ka san na faɗa ne, Malam, ai ka riga ka jawo."

Ya miƙa mata. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, har ya fara jin ƙarar fankar. Ya ga yatsanta ya tafi kan kumatun hoton, ya tsaya a can.

"Yaushe ka sace ni?"

"Ranar magani. Wallahi ba da niyya ba." Ya matso. "Ki bari in aika wa Auta. Yarinyar nan ta ga kakarta. Kuma idon na nan, ban taɓa shi ba, ba zan taɓa shi ba. Duk hoton da kike so, da shi za a yi."

"Kyakkyawa ce," in ji ta. "Na san ta da. Allah sarki." Ta ajiye hoton a gefen farantin. "To in ka aika, ranar da suka zo gida fa? Yarinya ta sauko daga mota tana neman wannan matar, sai ni in fito?"

Ya ɗaga ido ya kalli fankar.

"Fanka ma ta fi, Malam. Ita ko ba komai ba ta yi mata ƙarya ba." Ta sake duban hoton. "Dattin cikin idon ne ya yi wannan?"

"Hazo ne."

"In ka wanke fa?"

"Zai nuna komai. Irin waɗannan ba sa ɓoye ko gashin gira."

"To ka wanke shi."

"In na wanke ba ya dawowa, Maman Auta."

"Na ji. Ni ma ai waccan fuskar ba ta dawowa." Ta ja farantinta. "Ka wanke, ka zo ka ɗauke ni. Kuma ka yi sauri kafin in canza ra'ayi, ka san halina."

Washegari da safe ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Ya kwance zoben gaba, ya ciro gilasan ɗaya bayan ɗaya ya jera su yadda suka fito. Mai hazon na can ciki, kusa da ganyayen ƙarfe. Ya ɗiga sinadari a auduga. Ya kai ta bakin gilashin. Tela ya ɗage ƙafa daga keke ba tare da an ce masa komai ba. Shafa ɗaya, hazon da ya yi shekaru yana taruwa ya koma ɗan baƙi-baƙi a jikin auduga. Abin da ya rage a hantsakinsa sai ka rantse babu komai, don tsabar haske. Ya ɗaga shi ga fitila yana tunanin wanda ya goge gilashin nan da hannu tun farko, da mijin tsohuwar nan da ya yi ta kallon duniya ta cikinsa, duk sun tafi, gilashin kuma ko gezau. Ya mayar da komai mazauninsa, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

Ta riga ta shirya. Ta sa atamfar da take ji da ita, ta ja kujera gaban taga, ta zauna hagunta na fuskantar haske. Da hannunta ta zame mayafin zuwa kafaɗa.

Ya ɗaga kyamara ya murɗa zoben. Fuskar ta taho daga dushewa a hankali har ta tsaya cak. A nan babu kafaɗar dama da zai kalla, don mai ɗaukar hoto dole ya kalli abin da yake ɗauka. Ya ga inda fatar ta tattare, ya ga inda ta yi sheƙi, ya ga yadda ta ja gefen leɓenta kaɗan. Ya ga wani ɗan tabon haihuwa a ƙarƙashin kunnenta da wutar ta kewaye ta bari, wanda ya manta da shi sam. Ya ga idonta na hagu, ashe duk shekarun nan yana nan yana kallonsa. Fuskar ba ta ba shi tsoro ba, ba ta ba shi tausayi ba. Kewarta ce ta kama shi, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

"Malam, ɗauka za ka yi ko kuka? Wuyana ya gaji."

Ya danna.

Ita ta aika da hoton da kanta. Auta ba ta rubuto komai ba sai can da yamma, ta ce ta manna shi a jikin firij, daidai tsayin yarinyar, kuma yarinyar ta shafa kumatun hoton ta tambaya ko da zafi, aka ce mata ya warke.

Ƙarshen mako waya ta yi ƙara. Maman Auta ta karɓa, hannunta ya nufi tebur yadda ya saba, ya tsaya a hanya. Mai Agogo na tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Ta ɗago wayar ta riƙe ta daidai fuskarta da hannu biyu.

Yarinyar ta cika allon wayar da goshi da idanu. Ta leƙa saman allon, inda ta saba ganin fanka, ba ta gan ta ba. Ta dawo da ido kan fuskar.

"To, sarkin surutu," in ji Maman Auta, "yau ba gaisuwa?"

Da jin muryar, yarinyar ta zabura, ta juya da gudu, ana jin ƙafafunta a daɓe tana ƙwala kira.

"Mama! Mama, zo ki gani! Kaka ta sauko!"